Rajinder Goel: Majefin da Ta Leƙo Masa Ta Koma



Mun sani da yawa daga cikinmu ba su taɓa zama sun kalli wasan kurket ba, saboda haka tilas mu fara da ɗan bayani. A wasan nan majefi yana jefa ƙwallo daga nisan yadi 22, yana nufin sanduna uku da aka kafa, mai bugu kuwa yana tsaye da faskaren katako yana kāre su. Aikin majefi shi ne ya fitar da mai bugu. Wasu majefa da ƙarfi suke taƙama. Wasu kuwa murza ƙwallon suke yi da yatsu, ta tafi a hankali, da ta taɓa ƙasa sai ta kauce ta bi inda mai bugu bai zata ba. Irin waɗannan na biyu su ne ƙasar Indiya ta shahara da su, domin filayenta busassu ne, suna daddarewa, ƙwallo tana samun abin kamawa.

Mutumin da za mu yi magana a kansa yau ɗaya ne daga cikinsu, watau Rajinder Goel. An haife shi a garin Narwana a shekarar 1942, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya shiga gasar Kofin Ranji, babbar gasar cikin gida ta Indiya, a kakar 1958-59 yana ɗan shekara 16, bai ajiye ƙwallo ba sai a kakar 1984-85. Ya yi wa Patiala wasa, da Panjab ta Kudu, da Delhi, sa'an nan Haryana. A Kofin Ranji kaɗai ya fitar da masu bugu sau 637, kuma har yau babu wanda ya kai wannan adadi. In an haɗa dukan manyan wasanninsa 157, lissafin ya kai 750. Amma fa duk da haka bai taɓa yi wa ƙasarsa wasan Tes ba ko sau ɗaya, watau wasan ƙasa da ƙasa na kwana biyar wanda shi ne ƙololuwar wannan sana'a.

Dalilin da aka saba bayarwa sananne ne. Goel bahago ne, kuma a zamaninsa akwai wani bahagon, Bishan Singh Bedi, wanda Goel ya girme shi da shekara huɗu. Bedi ya shiga ƙungiyar ƙasa a ƙarshen 1966, ya yi wasan Tes 67, ya fitar da masu bugu sau 266. Shi yana cilla ƙwallonsa sama ne, ta yi lilo, ta yaudari ido. Goel kuwa tasa ƙasa-ƙasa take zuwa, da ɗan sauri, tana sauka wuri ɗaya sau bayan sau, har mai bugu ya ƙosa ya yi kuskure. Ƙungiya mutum goma sha ɗaya ce, da wuya a ba bahagwai biyu masu murza ƙwallo gurbi a cikinta. Sai a ce ai ba a sarki biyu a gari ɗaya, a rufe zancen.

Mu dai ba mu yarda zancen ya rufu a nan ba, kuma hujjarmu ita ce abin da ya faru a watan Nuwamba na 1974. A lokacin ƙungiyar Yammacin Indis, ƙarƙashin Clive Lloyd, ta zo Indiya. Hukumar wasan ta dakatar da Bedi daga wasan farko a Bangalore saboda wata hira da ya yi a talabijin a Ingila. Aka kira Goel. Yana da shekara 32, hannunsa ya nuna, sarkin kuma ba ya gari. Da aka karanta sunayen goma sha ɗayan sai ga Prasanna da Chandrasekhar da Venkataraghavan, babu Goel. Indiya ta sha kashi da ratar maki 267. A wasa na biyu Bedi ya dawo, ba a sake neman Goel ba.

To, a ranar nan wa ya tare masa hanya? Lalle ba Bedi ba ne. Mutane ne suka zauna suka duba takarda suka tsallake sunansa. Mai yiwuwa suna da hujjarsu, domin ukun nan da suka zaɓa gwanaye ne na gaske, ba ma musun wannan. Abin da muke ƙi shi ne a kira hukuncin kwamiti ƙaddara kawai, alhali kuwa da hannun mutane aka rubuta shi, kuma ana iya tambayarsu. Haka aka yi wa Padmakar Shivalkar na Bombay, shi ma bahago, wanda ya fitar da masu bugu sau 589 bai taɓa shiga Tes ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne shekaru goman da suka biyo baya. Mutumin da ya san ƙofa ta rufu ya koma Haryana, ƙungiyar da ba ta da suna a lokacin, ya ci gaba da jifa a gaban 'yan kallo kaɗan har ya haura shekara arba'in. A nan ya yi wasa tare da wani saurayi mai suna Kapil Dev, wanda ya jagoranci Indiya ta ci Kofin Duniya a 1983. A wannan shekarar ce Sunil Gavaskar, babban mai bugun Indiya na zamanin, ya fitar da littafinsa kan gwanayen da yake girmamawa, ya sa Goel a cikinsu.

Hukumar da ba ta ba shi hular ƙasa ba ta tuna da shi a 2017, ta ba shi lambar yabo ta C. K. Nayudu, shi da Shivalkar tare. Yana da shekara 74 a lokacin. Ya rasu a garin Rohtak ranar 21 ga watan Yuni, 2020.