Amsoshin Wasiƙunku: Saiwar Tibet da Maɗacinmu

Wasiƙarmu ta yau daga wani manomi ce a Kiru. Ya ce wani mai tallar magani ya nuna masa wata saiwa mai ɗan karen ɗaci, wai daga duwatsun Himalaya, wai kuma ta fi maɗaci. Yana tambaya ko gaskiya ne.

To Malam, akwai saiwar. Indiyawa suna ce mata kutki, mutanen Tibet kuwa honglen. Tana fitowa ne a kan duwatsu masu tsananin sanyi, sama da mita 3,000. Masu maganin gargajiyar Tibet suna ba da ita don zazzaɓi da ciwon hanta da shawara. Ka ga ke nan aikin da mu ma muke sa jiƙon maɗaci. Amma abin da aka nuna maka a leda, ba mai tabbatar maka ita ce.

Ga abin lura. Ita wannan saiwa tono ake yi a cire ta gaba ɗaya. Da kasuwa ta buɗe, aka yi ta tono har ta fara ƙaranci, sai a 1997 yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ta cikin tsirran da ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. A 2022 katakon maɗacin Afirka ma ya shiga wannan sahu.

Saboda haka, jama'ar Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, musamman maƙwabtan dajin Falgore, ku ji da kyau. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In ka sassaƙe itace ka zagaye shi, ka yanke masa wannan hanya, a hankali zai bushe. Ku ɗebi kaɗan a gefe guda, ku bar shi ya warke kafin ku koma. 'Yan kasuwa kuma ku daina sayen sassaƙe buhu-buhu ba ku tambayi yadda aka samo shi ba.

Sannan ɗaci ba shi ne waraka ba. In zazzaɓi ya kama yaro ko mai juna biyu, a garzaya asibiti a gwada jini, kada a tsaya jiƙo. Babba ma kada ya zarce kima.

Malam, riƙe kuɗinka, ka dasa maɗaci a bakin gonarka da daminar nan. Allah Ya ba mu lafiya. Sai mun ji daga gare ku.