ƊALIBANMU A ƘASASHEN WAJE: WA ZAI TAFI, KUMA INA ZAI KOMO?

Jawabin da wani mushen lakwal ya yi da sunan abokan aikinsa a taron reshen Zinder

Mu malaman ƙananan lakwal na Damagaram mun roƙi a ba mu fili yau don mu yi magana a kan yaran da ake aikawa karatu ƙasashen waje. Mu ne muke koya musu baƙi da lissafi tun suna zaune a tabarma, saboda haka muna da bakin magana a kan inda suke ƙarewa.

Da farko a sani, fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayari yana tashi daga Zango ya bi Agadas har Tarabulus, almajirai kuwa suna ɗaukar allo su nufi Kano ko Barno. Waɗanda Allah ya ba ƙarfi sukan kai Masar, inda Azhar take da masauki na musamman don ɗaliban Barno. Sukan yi shekaru, su komo da littattafai, su buɗe makaranta a zauren gidansu. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kakanninmu sun san wannan tun kafin Nasara ya zo.

Da Faransawa suka ci Zinder a 1899, sai suka kawo lakwal, amma da awo. Abin da suke bukata shi ne tafinta da akawu da malamin da zai koya wa yara Faransanci. A 1926 suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder suka kai Yamai, makarantar gaba da firamare ma can take. Yaron Mirya ko Magarya in ya ci satifika, sai ya yi tafiyar kilomita wajen 900 zuwa Yamai. In ya yi fice a can, a tura shi makarantar William Ponty a Senegal, wadda take tsibirin Gore kafin a mai da ta Sebikotan a 1938. Bubu Hama shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito malami daga can, a 1929. Jori Hamani da Jibo Bakari su ma can suka yi. Jami'ar Dakar kanta sai a 1957 ta tsaya da ƙafarta. Da muka karɓi mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma babu jami'a ko ɗaya a ƙasar.

Saura kuwa, waɗanda ba su sami hanyar Ponty ba, aka ba su alli aka ce su monita ne. Albashi kaɗan, aiki a ƙauye mai nisa, gaba kuma a rufe. Wannan shi ne gadon aikinmu, shi ya sa maganar burs take taɓa mu.

To, ku dubi abin da mutum ɗaya ya yi da ya sami hanya. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, a nan Zinder ya yi firamare. Ya wuce Yamai, ya wuce Ponty, ya kai Faris. Can ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, FEANF, a 1950. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyya ta Faransa a fannin fizik, shi ne na farko a wannan yanki namu. Ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙaro sani a kan ƙarfin rana, ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya nace a koyar da yara cikin harsunansu. Daga baya ya komo gida ya riƙe ofishin binciken ƙarfin rana, ya shugabanci jami'ar Yamai, ya rasu a 1991. Yau jami'ar sunansa take ɗauke da shi. Ya je ƙasar sanyi ya koyo yadda za a sa ranar da ke ƙona mu ta yi mana aiki. Irin wannan tafiya muke so.

Haka Andre Salifu, ɗan Zinder, haifaffen 1942. Ya yi karatu a Faransa, amma tarihin Damagaram ya rubuta, littafin ya fito a 1971. Shi ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991, kuma jami'ar garin nan da aka kafa a 2010 sunansa aka sa mata.

Amma akwai tafiyar da ta ƙare da hawaye, kada mu ɓoye. Bayan ƙuri'ar ran 28 ga Satumba 1958, da hana jam'iyyar Sawaba a 1959, samari da yawa sun fita a ɓoye ta Kano da Ankara da Bamako. Sun sami burs a Mosko, inda aka buɗe jami'ar abokantakar al'ummai a 1960, da sauran ƙasashen gabashin Turai. Sun koyi likitanci da aikin injiniya da noma. Da suka gama, gida ya zama musu abin tsoro. Wasu an tsare su, wasu an ƙi yarda da takardunsu, wasu sun tsufa a baƙunta. A lokacin nan ƙasa tana neman likita ido rufe. Wa ya yi hasara? Talakan da ke kwance ba magani. Darasin a fili yake: ranar da aka sa siyasa ta zaɓi wanda zai yi karatu da wanda za a ba aiki, ƙasa ce take biya.

Yau hali ya sake. Jami'ar Yamai ta samu tun 1973, ta Musulunci a Sayi tun 1986, ga ta Maraɗi, ga ta Tawa, ga tamu. Duk da haka fita ba ta ƙare ba, don akwai fannonin da ba mu da kayan koyar da su. Matatar man da aka buɗe kusa da Zinder a 2011 tana tace ganga 20,000 a rana in tana aiki sosai. Muna tambaya: yaran Damagaram nawa aka shirya su riƙe injinanta? Garin nan ya daɗe yana fama da ƙishirwa. Yara nawa muka aika su koyo ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa?

Saboda haka ga abin da muke nema, guda biyar.

Na ɗaya, a liƙa sanarwar kowace burs a ƙofar kowace makaranta, a faɗe ta a rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Mun sha ganin yaro mai ƙoƙari ya ji labari bayan an rufe karɓar takardu, ɗan mai hanya kuwa ya riga ya ɗinka akwati.

Na biyu, a ba da ita bisa jarrabawa, a karanta sunaye a bainar jama'a. Ɗan manomi na Tanut da ɗan babban ma'aikaci su zauna benci ɗaya.

Na uku, a ware wa 'yan mata rabonsu. Matanmu da yawa ba sa son namiji ya duba su, to ina likitoci mata in ba mu aika ba?

Na huɗu, kada ido ya tsaya kan Turai kaɗai. Kano ba ta kai kilomita 250 daga nan ba, ga jami'ar Bayero, ga ta Ahmadu Bello a Zariya tun 1962. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, kuɗin mota kaɗan. A yi musayar ɗalibai da malamai, namu su koyo Ingilishi, nasu su zo su koyi Faransanci. Iyakar nan Turawa suka ja ta, ilimi bai san da ita ba.

Na biyar, wanda aka aika da kuɗin jama'a ya sa hannu zai komo ya yi aiki wasu shekaru a jiharsa. Hukuma ita ma ta sa hannu za ta biya burs a kan lokaci, ta kuma tanadi aikin kafin ya sauka. Alkawari ɗaya ba ya tsayawa sai da ɗan'uwansa.

Ku kuma ƙannenmu masu shirin tafiya, ku ji. Kuɗin jirginku daga gyaɗa da wake da harajin kasuwar Dole ya fito. Tsohuwar da ta sai da akuyarta don a saya muku takalmi tana ƙirga watanni. Ku koyi harshen mutane, ku girmama al'adarsu, ku riƙe taku. In kun komo kada ku ce mana kun manta Hausa, kada kuma ku zauna Yamai ku ce ƙauye ya yi zafi.

Mu a namu wajen mun ɗauki alkawari za mu rubuta sunan kowane yaro mai hazaƙa a ajinmu, mu bi shi har gidan ubansa, mu cika masa takardu ba tare da ko dala ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke da yaro irin wannan ya same mu bayan taro.

Allah ya kai su lafiya, ya komo mana da su lafiya.