Taku Kafin Sauri: Shirin Mai Gudun Sha'awa Daga Hunturun Arewa Zuwa Tseren Legas

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan motsa jiki da lafiyar al'umma



Gabatarwa

Ni ba ɗan wasa ba ne da ke cin abinci da ƙafarsa. Ma'aikaci ne, mai iyali, wanda yake ɗaura kambas bayan sallar asuba ya yi sassarfa kafin hanya ta cika da Keke Napep. Irina nake nufi duk inda na ce mai gudun sha'awa a wannan takarda.

Bari in fara da tonon asirin kaina. A gudun famfalaki na farko da na shiga, mai kilomita 42 da mita 195, na ƙare rabin farko cikin awa ɗaya da minti 55. Ina ta wuce mutane, har ina tausaya musu a raina. Rabi na biyu ya ci mini sama da awa uku, yawancinsa da tafiya, wani wurin ma da dafa gwiwa. Duk waɗanda na wuce da safe sun zo sun wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har da wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce mini "sannu ɗana" bai ko waiwayo ba. Na daɗe ina ɗora laifin a kan rana da takalmi. Sai daga baya na yarda cewa ƙafata lafiyarta ƙalau, lissafina ne ya karye.

Abin da zan kare a nan shi ne: mafi yawanmu ba rashin ƙarfi ke kayar da mu ba, rashin sanin taku ne. Muna gudu da sauri fiye da kima a ranakun atisaye, mu kuma maimaita kuskuren a farkon tsere. Ga wanda ya yi shirinsa a Kano ko Zariya ko Jos sannan ya sauka Legas, kuskuren yakan ninka, saboda dalilin da zan zo kansa.

Mene ne taku?

Da taku ina nufin yawan mintocin da kilomita ɗaya ke ci wa mai gudu. Wanda ke son gama famfalaki cikin awa huɗu, takunsa minti 5 da daƙiƙa 41 ne a kowace kilomita. Mai son awa biyar, minti 7 da daƙiƙa 7. Lissafin ɗan firamare ne. Riƙe shi a lokacin da jiki ke cewa a ƙara wuta, nan ne aikin yake.

Dalilin yana cikin jiki. Rumbu biyu jiki ke ɗiban makamashi daga ciki. Na farko sukari ne da aka adana a tsoka da hanta, wanda a jikin baligi bai cika wuce giram 500 ba, kimanin kalori 2,000. Na biyu kitse ne, wanda ko siririn mutum yana da abin da ya ninka wancan sau da yawa. Sukarin kamar kara yake a murhu, nan da nan ya kama, ya yi harshe, ya cinye. Kitse kuwa gungume ne, ba ya ba da wuta mai yawa amma yana kai wa dare. Gudu yana cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita, don haka mai kilo 65 yana buƙatar wajen kalori 2,700 kafin ya ga ƙarshen famfalaki. Kara kaɗai ba zai dafa wannan tukunya ba. Gwargwadon saurinka, gwargwadon yadda jiki ke jingina da sukari. Wanda ya ɓarnatar da shi da safe, tsakanin kilomita 30 da 35 zai ji ƙafa ta yi masa nauyi kamar an ɗaura mata turmi, kai ya yi dum, zuciya ta fara ba shi shawarar ya nemi gefen titi ya zauna.

Ku dubi irin cinikin da na yi a tserena na farko. Rage daƙiƙa 15 daga kowace kilomita a rabin farko ribar minti biyar ce kacal. Komawa tafiyar minti goma maimakon gudun minti shida a kilomita goman ƙarshe asarar minti arba'in ce. Ko ɗan tireda ba zai yarda da wannan ciniki ba.

Gwanayen duniya sun san haka. Lokacin da Kelvin Kiptum na Kenya ya kafa tarihi a Shikago a watan Oktoban 2023 da awa 2 da daƙiƙa 35, ya yi rabin farko cikin minti 60 da daƙiƙa 48, na biyu cikin minti 59 da daƙiƙa 47. Eliud Kipchoge ma a Balin a 2018 rabinsa na biyu ya fi na farko sauri. Gaskiya ne a 2022 ya fara da zafi ya ɗan sassauta daga baya, kuma duk da haka ya karya tarihinsa, amma tazarar rabin biyun ba ta kai minti biyu ba. Tawa ta wuce awa guda.

Atisaye: yawancinsa a hankali

Duk wanda ya leƙa filin wasa da safe ya san yadda muke yi. Mutum biyar za su fito tare da niyyar sassarfa, kafin zagaye na uku abin ya koma tsere, kowa na haki, ba mai son a ce shi ne na baya. Gobe ma haka, jibi ma haka. Bayan mako uku wani na riƙe da gwiwa, wani ƙashin ƙauri, wani ya daina zuwa ba sallama.

Masanin motsa jiki Stephen Seiler, wanda ya daɗe yana nazarin manyan 'yan wasan juriya a Norway, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu a hankali suke yinsa, ragowar ne kawai mai tsanani. Tun kafin shi, kocin New Zealand Arthur Lydiard yana sa yaransa gudun kusan kilomita 160 a mako ba tare da ƙure kai ba, kuma da wannan tushe Peter Snell ya ci zinare a mita 800 a 1960, ya ƙara da biyu a 1964. Ba cewa nake ma'aikaci mai 'ya'ya biyar ya yi kilomita 160 ba. Rabon nake so a ɗauka, ba adadin ba.

Ma'aunin "a hankali" ba ya buƙatar agogo mai tsada. In kana gudu kana iya gaisawa da abokinka cikakkiyar gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya aka ji da sanyi, ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba, kana kan hanya. In amsarka ta koma "lafiya" ɗaya tak da ƙyar, ka wuce gona da iri. Irin wannan gudu mai kama da wasa shi ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a tsoka, ya koya wa jiki ƙona kitse, ya ba jijiya da ƙashi lokacin ƙarfafa, domin su sun fi zuciya da huhu jinkirin sabawa.

Fita huɗu a mako ta ishi yawancinmu: biyu sassauƙa, ɗaya mai ɗan zafi, sai doguwa a ƙarshen mako wadda za a riƙa tsawaitawa kaɗan-kaɗan har ta kai kilomita 28 zuwa 32. Shirin yakan ɗauki mako 16 zuwa 20 ga wanda ya riga ya saba da kilomita goma. Mako biyu ko uku na ƙarshe na ragewa ne, kuma a nan ne masu zumuɗi ke ƙara lodi don rama abin da suka yi sakaci da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ta yaya mutum zai san takun da ya dace da shi? Wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya fitar da ƙa'idar hasashen lokacin dogon tsere daga na gajere. Bisa ita, mai gama kilomita goma cikin minti 55 zai yi rabin famfalaki cikin kusan awa 2 da minti ɗaya, cikakken kuma awa 4 da minti 13. Abin da na gani a kaina da abokan guduna shi ne ƙa'idar tana faɗin gaskiya har zuwa rabi, amma a cikakken tsere takan yi wa mai ƙarancin atisaye alkawarin da ƙafarsa ba za ta cika ba. Ni nakan ƙara minti goma sha biyar a kan abin da ta ba ni, in kwana lafiya.

Hunturu a gida, laima a Legas

Nan ne zan fi daɗewa, domin littattafan horo da ake rubutawa a Turai da Amurka ba su san da wannan matsala tamu ba.

Tun da aka fara gudun famfalaki na birnin Legas a 2016, galibi a watan Fabrairu ake yinsa. Ma'ana mai shiri daga Arewa zai yi dogayen fitarsa a Nuwamba da Disamba da Janairu, tsakiyar hunturu, da asuba, cikin iska mai sanyi busasshiya. Babu yanayin da ya fi wannan yi wa mai gudu daɗin baki. Ku tuna randa. Abin da ke sanyaya ruwanta shi ne ɗan tsattsafin da ke fitowa ta jikin yumɓu iska ta busar da shi, shi ya sa ruwan randa a hunturu har haƙori yake kamawa. Haka fatar mutum take da gumi: sai ya bushe yake ɗauke zafi. A hunturu gumi na bushewa tun kafin ka gan shi, sai ka ga takunka ya yi kyau, ka ɗauka duk ƙarfinka ne.

A Legas iska ta riga ta ƙoshi da ruwa. Gumi zai zubo har cikin takalmi amma ba ya bushewa, zafi ya taru a jiki, zuciya ta raba jini tsakanin tsoka da fata, bugunta ya hau alhali saurinka bai ƙaru ba. A shekarun farko hanyar tseren takan tashi daga babban filin wasa na Surulere ta hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12 babu inuwar ko da bishiya ɗaya, ta ƙare a Eko Atlantic. Gwanaye sukan gama tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Mai awa biyar kuwa da shi za a yi hantsi, har rana ta kusa take tsaka.

Kada wani ya ce ai mu 'yan zafi ne, mun saba da bazarar Sakkwato da Maiduguri. Sabon jiki da zafi abu ne da ake samu cikin kwana goma zuwa sha huɗu na motsa jiki a cikinsa, kuma yakan zube cikin 'yan makonni in an daina. Wata uku na sanyin asuba sun isa su wanke shi. Zafi kuma ba ya jin kunyar gwani. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka fara famfalakin mata don gudun rana, amma cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. A 1954 a Vancouver, Jim Peters na Ingila, mutum na farko da ya sauko ƙasa da awa 2 da minti 20 a famfalaki, ya shigo filin wasa da tazarar kusan minti 17 a gaban na biyu, ya yi ta faɗuwa yana tashi, bai taɓa layin ƙarshe ba, bai kuma sake tsere ba.

Abin yi bai da yawa. A makonni biyu ko uku na ƙarshe a mayar da wasu sassauƙan fita zuwa hantsi ko la'asar, a hankali, da ruwa a hannu. Sannan a sassauta takun ranar tsere da daƙiƙa 15 zuwa 30 a kilomita daga abin da hunturu ya nuna. Wannan adadi shawarata ce daga abin da na gwada, ba doka ba. Ranar da ƙura ta yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, a haƙura da gudu mai tsanani, musamman mai asma.

Akwai kuma azumi. A 2025 ya kama a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, don haka a shekarun da ke biye zai riƙa cin karo da lokacin tseren ko makonnin shirinsa. Ni dai a Ramadan sassarfar rabin awa nake yi dab da shan ruwa, doguwar fita kuma sai bayan tarawihi. Ban ga hikimar yin kilomita 30 da rana da baki a bushe ba.

Ranar tsere

Kada a gwada sabon abu: ba sabon takalmi, ba abincin da ciki bai sani ba. Koko ko shayi da burodi awa biyu zuwa uku kafin tashi ya wadatar. Dabino 'yan ƙwaya a aljihu, ana cin ɗaya ko biyu duk bayan rabin awa tun kafin a ji yunwa, yana yin aikin da 'yan waje ke sayen alawar leda mai tsada dominsa, in dai an saba da shi a atisaye.

Ruwa kuma a sha gwargwadon ƙishi. Yawansa ma cuta ne, domin yana tsarma gishirin jini. Binciken da aka yi kan masu tseren Boston na 2002 ya samu kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada da wannan matsala, kuma ta fi kama masu daɗewa a hanya suna sha a kowace tasha. Wato mu.

Kilomita biyar na farko su ne tarkon. Ga kiɗa, ga jama'a, ga samari da ke fita a guje kamar an biyo su, waɗanda za ka tarar zaune a bakin gada. Nakan rubuta lokacin da ya kamata in isa kilomita 5 da 10 da 21 a bayan hannuna da biro, in na riga lokacin sai in ja birki ko da jiki na roƙo. A tsere na biyu da na yi haka, rabin farko ya fi na wancan karon jinkiri da minti goma sha biyu, amma na gama gaba ɗaya da ragin kusan minti arba'in, kuma da ƙafata na hau mota.

Roƙona ga masu horarwa da jami'an wasanni da ke zauren nan ƙarami ne. Duk lissafin da na kawo ya dogara da mutum ya san haƙiƙanin lokacinsa a kilomita biyar ko goma, kuma yawancinmu ƙiyasi muke yi. A auna hanya guda a kowane gari, a sa alama a kowace kilomita, a riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata ana ɗaukar lokaci, a kuma ware sa'a ko fili ga mata, waɗanda da yawansu ke son gudun amma titi bai ba su sarari ba. Fenti galan ɗaya da agogo ɗaya da mutum biyu masu littafi sun isa a fara.