KARIYAR MASU MULKI DA HAƘƘIN TALAKA A GABAN KOTU

Jawabin da aka gabatar a Ruwan Godiya, Ƙaramar Hukumar Faskari

'Yan uwa, tun daga daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, jama'ar wannan yanki suke tambaya: shin talaka yana iya kai gwamnati ƙara?

Turawan mulkin mallaka sun bar mana ƙa'idar cewa sarki ba ya laifi. A kanta ne Kotun Ƙoli ta kori ƙarar iyalan Ransome-Kuti a 1985, bayan sojoji sun ƙone gidan Fela a Legas a 1977. Kundin tsarin mulki na 1979 ya rushe wannan katanga, amma akwai sauran shingaye.

Na farko, sashe na 308 na kundin 1999 ya hana gurfanar da Shugaban Ƙasa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan kujera. Sai dai ku lura, mutumin ya kare, bai kare gwamnati ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi shafar mu. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati, amma sashe na 6 ya hana kotu bin kadin abin da ke cikin wannan babi. Saboda haka manomin Sabuwa da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, da wuya ya sami diyya don kawai an kasa tsare shi.

Na uku, dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara. Amma ƙa'idojin 2009 sun ce wannan wa'adi bai shafi ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam ba. Na huɗu, ko an yi nasara, ba a taɓa kuɗin da ke hannun ma'aikacin gwamnati sai da yardar Antoni-Janar.

Duk da haka ƙofa ba a rufe take ba, idan jami'an gwamnati ne suka yi ɓarnar da hannunsu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal ta umarci gwamnati ta biya mutanen Odi Naira biliyan 37.6 saboda farmakin soja na 1999. A Satumba 2013 jami'an tsaro sun kashe mutum 8 a wani kango a Apo, Abuja. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta yanke diyyar Naira miliyan 135 a 2014, ba a biya ba sai 2018. Sashe na 35 kuma ya wajabta diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa doka ba.

'Yan uwa, an ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, yana Halifa, ya tsaya gaban Alƙali Shuraihu a kan sulkensa, aka kuma yanke hukunci bai yi nasara ba. Wannan ne mizanin da muke auna masu mulki da shi.

Don haka idan abu ya faru, a rubuta rana da wuri da sunayen shaidu, a karɓi takardar asibiti, a haɗa kai a nemi lauya da gaggawa. Shiru ba ya ƙwato haƙƙi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da shugabanni adalai.