Bayan Aikin Kwatangwalo, Sauran Aikin Yana Gida

 Maganata ta yau a kan mutumin da aka sauya wa gaɓar kwatangwalo ce, aka sallame shi ya dawo gida.

Abubuwan da kan kai mutum ga wannan aiki sun haɗa da faɗuwar tsoho, hatsarin babur, ciwon gaɓɓai, da ciwon sikila, wanda kan hana jini isa kan ƙashin cinya har ya lalace, ko da mutum saurayi ne. Daga nan Kafin Hausa akan kai majiyyaci Kano, Asibitin Ƙashi na Dala. Likita ya cire ƙashin da ya lalace, ya sa na ƙarfe. Amma ƙarfe ba ya tafiya da kansa, naman jiki ne ke ɗaukarsa. Wanda ya kwanta yana tsoron motsi, ƙafa za ta shanye, kuɗin da dangi suka tara ya tafi a banza.

Saboda haka kafin a sallame ku, ku roƙi ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya koya wa mutum ɗaya na gidan motsa jikin da za a riƙa yi. Ga kaɗan daga ciki. Yana kwance, ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, don kada jini ya daskare. Ya danna bayan gwiwa a katifa, ya ƙirga biyar, ya saki. Ya jawo diddige a hankali, ya mayar. Kowanne sau goma, safe, rana da yamma. Ya kuma riƙa takawa da sanduna a tsakar gida, kullum ana ƙara kaɗan.

Hatsarin yana cikin zamanmu na yau da kullum. Daga mako 6 zuwa 12 na farko, sabuwar gaɓa tana iya gocewa. Ban da zama a tabarma ko kujera 'yar tsuguno, ban da harɗe ƙafa, ban da tsuguno a masai, ban da sunkuyawa a gona. In ya zauna, kada gwiwa ta fi ƙugu tudu. Matasa, tun kafin ya dawo ku sa kafinta ya yi kujera mai tsawo mai rami, a ɗora a kan masai, a kuma ɗaga gadonsa.

In kun ga zazzaɓi, ko ruwa na fita daga ɗinki, ko sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafar ta gajarce farat ɗaya da zafi, kada ku kira mai ɗori, kada a ja ƙafar. Ku kai shi asibiti a ranar.

Mu riƙa leƙa su, mu riƙe musu hannu su taka.