Kafin Mu Zuba Kuɗin Adashi A Fuloti

Jawabin ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya a taron cika shekara

Iyayenmu mata, uwar ƙungiya, shugabanni, mazajenmu da suka daure suka zo, da 'yan'uwa da suka taso daga Ikara, Makarfi, Hunkuyi da Kudan, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

An ce mu yi magana a kan gida. Duk wadda ke wannan ƙungiya, ko mai tumatir ce, ko mai mazarƙwaila, ko mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, in aka tambaye ta abin da take tara wa kuɗi, bayan aurar da 'ya'ya sai ta ce muhalli. Gidajen gado na cikin gari sun cika, ɗaki ɗaya uwa da 'ya'ya biyar. Ga gonaki a bakin gari ana ta yanka su fuloti-fuloti. Dillalai har rumfa suke biyo mu, suna cewa hamsin da ɗari ne, bakin hanya ne, gobe kuɗinsa zai ninka. To 'yan'uwa, kuɗin da muka yi shekara uku muna zubi bai kamata a kwashe shi a yini ɗaya saboda zaƙin bakin dillali ba.

Da farko mu san irin filin. Akwai awon gwamnati, akwai awon igiya. A awon gwamnati an zana unguwar tun kafin a aza bulo ɗaya: an fitar da tituna, an bar hanyar ruwa, an ware wurin makaranta da asibiti, kamar yadda aka tsara Millennium City a Kaduna. Awon igiya kuwa mai gona ne da dillali suke yanka abinsu, kuma duk taƙin da aka bar wa hanya a wurinsu asara ce. Shi ya sa za ku ga lungun da ko Keke Napep ba ya shiga. Ranar da naƙuda ta tashi da dare, ko aka yi gobara, ranar ake sanin amfanin hanya. Awon igiya ya fi sauƙin kuɗi, kuma da yawanmu shi za mu iya. In shi ne, mu je da abin awo mu auna faɗin hanyar da kanmu, mu ga ko mota za ta wuce.

Na biyu, kada mu sayi fili da rani ba mu gan shi da damina ba. Ƙasarmu ƙasar fadama ce, shi ya sa rake ya karɓe mu. Amma inda rake yake jin daɗi, gini ba ya jin daɗi. A watan Maris ko'ina fes yake. A je a watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, a ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi. A dubi katangun maƙwabta, in an ga gindinsu ya yi kore ko gishiri yana cin bulon, magana ta ƙare. Araha ba ta ado.

Na uku, mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Ina rijiya ko burtsatse mafi kusa? In babu, jarka nawa za mu saya kullum a hannun mai ruwa? Akwai turakun wuta da taransifoma, ko sai an yi karo-karo? Nawa ne kuɗin mashin zuwa kasuwa da dawowa, da na yara zuwa boko da Islamiyya? A haɗa wannan na wata ɗaya, a ninka sau goma sha biyu. Wani fulotin da aka ce yana da araha, kuɗin mashin na shekara biyu ya cinye ragin da aka samu. Sannan mai sana'ar cikin gida ta tuna cewa a sabuwar unguwa mai gidaje huɗu babu mai sayen ƙosai. A kuma dubi maƙwabta da tsaro, a ga wa zai ji ihunmu in wani abu ya faru da dare.

Na huɗu, takarda. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS, wadda aka yi dokar kafa ta a 2015, ita ke rajistar filaye da fitar da takardar shaidar mallaka, wato C of O. Hukumar KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini. Sa hannun mai unguwa da dagaci yana da muhimmanci, domin su suka san tarihin gonar da iyakokinta, amma ba ya maye gurbin takardar hukuma. Kafin a biya ko sisi, a bincika ko filin na makaranta ne, ko burtali, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, domin irin waɗannan ne jan fenti ke biyo su. In gonar gado ce, a tabbatar an raba gadon kuma duk magada sun yarda, har da mata. Mun sha ganin ɗan'uwa ɗaya ya sayar, bayan an yi rufi sauran su fito da sammaci.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damunmu. Mazajenmu, ku yi haƙuri ku saurara da kyau. Sau da yawa mace ce ke kawo kuɗin fuloti, ko rabinsa, amma a takarda sai sunan maigida kaɗai, saboda kunya. Rai na hannun Allah. Ranar da ta Allah ta kasance, gidan nan gaba ɗaya ya shiga gado. Mace mai mijin da ya bar 'ya'ya tumunin takaba take samu, kashi ɗaya cikin takwas, in da kishiyoyi kuma a raba shi tsakaninsu. Kuɗin adashinta ya bi ruwa, tun da ba ta da shaida. Addininmu ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Saboda haka in ke kika saya, a rubuta sunanki. In haɗaka kuka yi, a rubuta sunaye biyu da abin da kowa ya kawo, a gaban shaidu. Wannan kāre zumuncin 'ya'yanmu ne, kada su tashi suna jan juna zuwa kotu.

Da yawanmu da girmanmu muka shiga ajin yaƙi da jahilci. Amfaninsa ke nan: mu karanta takardar ciniki da idonmu kafin mu sa hannu. Wadda karatunta bai kai ba ta zo da takardar ranar taro, mu karanta tare. Muna kuma roƙon shugabanni a kafa kwamitin mutum uku da zai riƙa raka duk 'yar ƙungiyar da za ta ga fili, a ajiye kofen takardunta a ofis.

Allah ya ba kowace ɗaya daga cikinmu muhalli na halal da maƙwabta nagari, ya ƙara wa ƙungiya albarka.