Ranar Karɓa da Ranar Biya



Yau batun bashi za mu taɓa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Don haka cin bashi ba abin kunya ba ne. Abin dubawa shi ne yadda yake mai da mutum ɗaya ya zama biyu.

Ku dubi mai cin bashi ranar karɓa. Tun da sassafe ya iso shago. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar iyali har da ta awaki. Murya ƙasa-ƙasa: "Alhaji, Juma'a in Allah ya yarda."

Yanzu ku dube shi ranar biya. Juma'a ta zo ta wuce. Waya a kashe. In ya hango Alhaji a Kasuwar Singa, sai ya saki hanya ya bi lungu. In kuwa aka yi kiciɓis, shi zai riga yin fushi: "Don ɗan wannan kuɗin?" Ai ranar karɓa bai ce ɗan kuɗi ba ne.

Abin da ya fi damuna, jama'a, shi ne mai zuwa gobe. Mai shago ya sha wuya, ya rufe littafin bashi. Sai ga uwar marayu tana neman kwanon masara zuwa ƙarshen wata, a ce mata babu hali. Laifin wani ya hau kanta.

Ku tuna, ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan bashi take: a rubuta shi, a kafa shaidu. In lokaci ya cika ba ka samu ba, ɗan'uwa, taka da ƙafarka ka nemi a ɗaga maka.

Sai gobe war haka. A huta lafiya.